Ƙurajen da ke bayana da ƙarin da ke mahaifata, ashe uwarsu ɗaya ubansu ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, har ma da maza, don wannan labarin ya shafe ku fiye da yadda kuke zato. Ni malamar firamare ce a Kano, an haife ni a 1987, ina da 'ya'ya biyu, kuma ba ni da mahaifa tun 2021. Ba zan faɗi sunana ba saboda labarin ba nawa ne ni kaɗai ba, na dukan gidanmu ne, kuma akwai waɗanda har yau ba su ji daɗin yadda na buɗe baki ba.

Ƙurajen su suka fara zuwa. Ina ajin ƙarshe a sakandare na lura da wasu 'yan tsiro a kafaɗata ta hagu, masu tauri, masu santsi, girmansu daga ƙwayar dawa zuwa ta wake. Ba sa ruwa, ba sa ƙaiƙayi, ba sa fashewa. Launinsu ya ɗan fi fatata duhu. A hankali suka yi rukuni suka gangaro bayana, daga baya wasu suka fito a ƙwaurina. Da farko kunya ce kawai damuwata, ina ɓoye su da mayafi ko a cikin ɗakin mata. Ciwon ya zo ne daga baya, kuma da hunturu ya zo. Idan sanyin Disamba ya kama, na fito alwalar asuba, iska ta bugi bayana, sai in ji suka da zugi a wurin har sai na durƙusa. Ko kuskure aka yi aka dafa kafaɗata sai na yi ƙara. Idan raina ya ɓaci ma suna tashi.

A gidanmu ba a ɗauke su a bakin komai ba, saboda Baba, Allah Ya ji ƙansa, yana da irinsu a ƙirji da hannu. Yakan yi dariya ya ce, "Auta, ƙurajen gidanmu ne, tambarin zuri'a ne." Shi ma da hunturu ba ya rabuwa da rigar sanyi, mun ɗauka jikin tsufa ne. Inna kuwa ba ta yarda ba, ta ce kambun baka ne, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. Na shafa mayukan kyamis iri-iri. Wani wanzami ya yanke guda biyu daga ciki, wurin ya warke da tabo mai tudu wanda ya fi ƙurjin muni, kuma sababbi suka fito a gefensa. Daga nan na haƙura na zauna da abina.

An yi min aure a 2008, na haifi 'yata a 2009 lafiya lau. Goyo ne ya ba ni wahala, don daidai inda zani ke ɗaurewa nan ƙurajen suke, amma wace uwa ce za ta ce ba za ta goyi 'yarta ba? Na cije.

Bayan yaye al'adata ta canza. Da kwana biyar nake yi, sai ta fara wuce mako, tana zuwa da gudaji, ina canza ƙunzugu har in gaji. Akwai ranakun da ba na iya tsayawa gaban allo, sai dai in zauna in sa mai lura da aji ya rubuta. Na je wajen malamar Islamiyyarmu saboda sallah da azumi, ta yi min bayanin cewa a mazhabar Malikiyya mace mai al'ada sananniya tana ƙara kwana uku a kan kwanakinta, muddin ba su haura goma sha biyar ba, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi sallah. Wannan ya warware min matsalar ibada. Amma ita ce kuma ta fara ce min, "Malama, tun da shari'a ta kira shi jinin ciwo, to ai sai a nemi ciwon." Allah Ya saka mata, ban dai samu zuwa asibiti a lokacin ba.

Jiri, haki, bugun zuciya, farin ido. Na kamu da son farar ƙasa da tauna ƙanƙara, har ina aika yara su sayo min a ɓoye. Daga baya na san cewa wannan kwaɗayin alama ce ta ƙarancin jini. Na samu ciki ya zube, na sake samu ya sake zubewa. Bayan ɓari na biyu marata ba ta koma ba, ta ci gaba da tasowa, da tauri idan na danna. Surukata Hajiya ta yi murna ta ce ai cikin bai fita duka ba. Da watanni suka wuce tara babu naƙuda, kuma jini na zuwa, sai ungozomar unguwa ta yanke hukunci: kwantaccen ciki ne, sai an tashe shi. Na sha saiwoyi da sassaƙe don a tashi ɗan da babu shi. Ba na zargin Hajiya, abin da ta gada ta faɗa, kuma jika take so. Amma ina da yaƙinin mata da yawa da ake cewa cikinsu ya kwanta shekara biyu ko uku, da za a ɗora musu na'urar sikanin, abin da aka gani a jikina shi za a gani.

A 2013 na faɗi a makaranta, aka kai ni asibiti. Gwajin PCV, wato na auna yawan jini, ya nuna 21, alhali na mace mai lafiya yakan kai 36 zuwa sama. Aka yi sikanin, likitan mata ya juyo da fuskar na'urar ya ce, "Malama, babu ciki. Ƙarin mahaifa ne, faibroid, kuma ba ɗaya ba ne." Mahaifar ta kai girman cikin wata biyar.

Ya zauna ya yi min bayani, kuma ina so in maimaita shi don na ga mata da yawa suna jin kalmar sai su fara rabon gado. Bangon mahaifa tsoka ce, irin tsokar da ke aiki ba da umarnin mutum ba, kamar ta hanji da ta jijiyoyin jini. Ita ce ke matsewa lokacin naƙuda. Wani lokaci ƙwayar halitta ɗaya a cikin wannan tsokar takan yi ta ninkuwa har ta zama dunƙule. Wannan dunƙulen ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta. Sinadaran da ƙwan mace ke fitarwa su ke ciyar da shi, shi ya sa yakan girma a shekarun haihuwa, ya kuma motse bayan al'ada ta ɗauke. Wanda ya tsiro ta cikin ramin mahaifa shi ya fi jawo zubar jini da ɓari. Wanda ya tsiro ta waje yakan danne mafitsara ko hanji, mace ta yi ta fitsari ko bayan gida ya yi mata wuya. Da yawa kuma ba sa damun mai su ko kaɗan, har ta tsufa ba ta san suna nan ba. Ya ce ya fi yawa a mata baƙar fata, kuma yakan zo musu da wuri. Wani binciken da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa kafin shekara 50, sama da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata sun samu ƙarin, farare kuma kusan kashi 70.

Abin da ya ɗan ɗaure masa kai shi ne shekaruna 26 amma yawansu da girmansu na mai shekara arba'in ne. Ya faɗi haka ya wuce. Bai ga bayana ba, ni kuma me zai sa in nuna wa likitan mata ƙurajen kafaɗa?

Aka ce tiyata. Nan gida ya rikice. Inna ta ce asibiti idan suka buɗe mace sai sun cire mahaifa, ta kawo misalin Goggo, ƙanwar Baba, wadda aka cire wa tata tana da ƙuruciya, ba ta taɓa haihuwa ba, ta ƙare rayuwarta tana riƙon 'ya'yan 'yan uwa. Na kusan shekara ina bin masu tallar maganin da wai yana narkar da faibroid ya fita ta fitsari. A rediyo suke, a Facebook suke, a mota mai lasifika a bakin kasuwa suke. Wani ya ba ni abin da ya sa ni gudawa, ya ce ai ga shi nan yana fita. Da na koma sikanin ƙarin ya ƙara girma. Maganata a kan waɗannan mutanen gajeriya ce: dunƙulen tsoka ba ya narkewa da tsimi, kuma kuɗin da na ba su ya isa rabin kuɗin aikin.

An yi aikin a 2014. Kafin nan sai da aka ɗaga jinina da magani da ƙarin jini, aka kuma ce mu kawo masu bayarwa a ajiye. Maigida ya bayar, ƙaninsa ya bayar, wani abokin aikinsa da ban taɓa gani ba shi ma ya miƙa hannu. Aka ciro ƙarin aka bar mahaifar. Nas ta nuna wa Inna su a cikin roba, Inna ta yi salati ta ce, "Wannan ne muka yi ta shirya wa kayan jarirai?" A 2016 na haifi ɗana, ta hanyar tiyata, saboda likita ya ce ɗinkin da ke mahaifata ba zai jure naƙuda ba.

A tsakanin nan maigida ya ƙara aure. Ba zan tsaya a kai ba. Ya gaya min da bakinsa kafin kowa ya ji, bai rage min komai ba, kuma abokiyar zamana ita ta kwana da ni a asibiti a aiki na biyu. Ciwon kishi dai na ji shi, ba zan yi ƙarya ba.

Ɗana bai shiga firamare ba jinin ya dawo. Sababbin ƙari sun cika mahaifar fiye da na farko. An ba ni ƙwayar tiraneksamik mai rage zuba, an yi min allurar da ke tsayar da al'ada na ɗan lokaci ta motsar da ƙarin, amma ba a daɗewa a kanta saboda tana raunana ƙashi, kuma ana dainawa suka koma yadda suke. A 2021 na amince a cire mahaifar.

A shirin wannan aikin ne Allah Ya haɗa ni da wata matashiyar likita da ke neman ƙwarewa. Ta ɗaga rigata ta baya za ta saurari huhuna, sai na zabura da sanyin abin sauraron ya taɓa ƙurajen. Ta tsaya.

"Anti, tun yaushe kike da waɗannan?"

"Tun ina budurwa. Ba komai ba ne, na gidanmu ne."

"Na gidanku? Wa ke da su?"

Na ce Babana. Ta ja kujera ta zauna. Ta tambaya ko suna ciwo da sanyi, na ce kamar kin sani. Ta tambaya ko a dangin Baba akwai matan da aka cire wa mahaifa da ƙuruciya, na ce Goggo. Sai ta ce, "Ki yi haƙuri da wannan tambayar. Akwai wanda ya rasu da ciwon ƙoda, ko yana fitsarin jini, yana da sauran ƙarfinsa?"

Jikina ya yi sanyi. Baffa, ƙanin Baba, ya rasu ina ƙarama, bai kai hamsin ba. Fitsarin jini ya fara, aka ce tsargiya ce don yana noman rani a bakin dam, aka yi ta ba shi maganinta. Ya rame, gefen cikinsa ya kumbura, cikin 'yan watanni aka kai shi makwanci. Babu wanda zai iya tabbatar da abin da ya kashe shi yanzu. Amma likitar ta rubuta shi a takarda ta ja layi a ƙarƙashi.

Bayan na warke daga aikin ta tura ni wajen likitan fata. Ya kashe wurin da allura ya yanki ƙurji guda aka kai ɗakin gwaji. Sakamakon ya dawo da suna iri ɗaya da wanda ke kan takardar ƙarin mahaifata: liyomayoma. Ya ce a gindin kowane gashi na jikin mutum akwai 'yar tsoka siririya, ita ce ke jan gashin ya miƙe idan ka ji sanyi ko tsoro, abin da muke cewa tsikar jiki ta tashi. Irin tsokar mahaifa ce. Ƙurajena dunƙulen wannan 'yar tsokar ne. Shi ya sa idan sanyi ya taɓa su suke matsewa su yi zugi. Shekara goma sha shida ina fama da hunturu, a minti biyu mutumin nan ya gaya min dalili.

Sauran bayanin ya fi nauyi. Ya ce wani likitan fata a Amurka mai suna Reed, shi da abokan aikinsa, sun rubuta labarin iyalai masu wannan haɗin na ƙurajen fata da ƙarin mahaifa a 1973, shi ya sa wasu ke kiran cutar da sunansa. A 2001 masu bincike a ƙasar Finlan suka gano cewa a irin waɗannan iyalai ana samun wata kansar ƙoda mai saurin yaɗuwa. A 2002 aka gano tushen: matsala a ƙwayar gado guda ɗaya da ake kira FH, wadda ke taimaka wa ƙwayoyin jiki wajen sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Yanzu likitoci na taƙaita sunan cutar da HLRCC. Kowane mutum yana da kwafi biyu na wannan ƙwayar gadon, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mu an haife mu da ɗaya lalatacce. Duk ƙwayar tsokar da kwafinta na biyu shi ma ya samu matsala, daga nan ƙari ke tsirowa.

Ma'anar haka, duk wanda ke ɗauke da ita, kowane ɗa da zai haifa yana tsakanin biyu ne, rabi da rabi, ko ya gada ko bai gada ba. Ba ta zaɓar mace ko namiji. Namiji ba shi da mahaifa, don haka ƙuraje kawai za a gani a jikinsa, wani ma ba za a ga komai ba, amma zai iya miƙa wa 'yarsa, kamar yadda Baba ya miƙa min. Matan da suka gada, mafi yawansu sukan samu ƙarin mahaifa, kuma da wuri, da yawa, da girma. Kansar ƙodar kuwa ba kowa take kamawa ba, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan mutum 15 cikin 100 a tsawon rayuwa. Baba ya haura saba'in bai taɓa ciwon ƙoda ba. Amma idan ta zo ba ta jira, tana iya yaɗuwa tun tana ƙarama. Ya ce wasu ƙananan ƙarin ƙoda likitoci kan zuba musu ido har su kai santimita uku kafin a taɓa, amma na wannan cutar da an gani ake cirewa.

Ina so in tsaya a nan, kada wata ta karanta ta kasa barci. Ƙarin mahaifa ruwan dare ne, kuma kusan duk matan da ke da shi ba su da wannan cutar ta gado. Tawa ba kasafai ake samunta ba. Abin da ya bambanta ni shi ne haɗuwar abubuwa: ƙuraje masu tauri masu ciwo da sanyi, ƙari mai yawa tun kafin shekara talatin, da tarihin gida.

Don a tabbatar, sai da aka ɗebi jinina aka aika ƙasar waje ta hannun wani ɗakin gwaji mai zaman kansa. Kwasar adashina ta tafi a nan, maigida ya cika. Sakamakon ya tabbatar da abin da likitar nan ta zata. Tun daga lokacin, duk shekara ina shiga na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a duba ƙodata. Na roƙi likita ya bar ni a kan sikanin na yau da kullum don ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ya ce irin wannan ƙarin yakan ɓuya wa sikanin, sai ya girma ake ganinsa. Tsadar hoton ba wasa ba ce ga mai albashin malanta, wani lokacin kuma ka je a ce na'urar ta lalace. Na mayar da shi kamar kuɗin makarantar yara, ina ware masa wani abu duk wata. Zuwa yanzu ƙodata lafiya, alhamdu lillahi. Makon da zan karɓi sakamako dai ba na cin abincin kirki.

Ƙurajen suna nan, ba su da maganin da zai kawar da su duka. An cire min manyan da suka fi damuna, da gargaɗin cewa suna iya dawowa kuma fatata mai yin tabo ce. Da hunturu likita kan rubuta min nifedifin, wanda asalinsa maganin hawan jini ne amma yana sassauta irin wannan tsokar, wani lokacin da gabafentin. Ba abin da mutum zai je kyamis ya saya da kansa ba ne, na farkon yana saukar da hawan jini har ka ga jiri. Sauran dabara ce: ruwan ɗumi a fulas don alwalar asuba, riga mai laushi a ciki, da gaya wa ɗalibaina kada su rungume ni ta baya.

Game da rashin mahaifa, tambayar da mata ke min a ɓoye a wajen biki ita ce ko na daina zama mace. An bar min ƙwayayena, don haka ban shiga zafin jikin ɗaukewar al'ada ba, kuma tsakanina da maigida babu abin da ya canza sai ma sauƙi, tun da da rabin wata ina cikin jini. Ƙarancin jinin ya tafi, farar ƙasa ta fita raina, na yi ƙiba har Inna na tsokanata. Azumin 2022 shi ne na farko da na yi cur ba ramuwa tun da na balaga. Na yi kukan rashin ƙarin haihuwa, sosai ma, don na so yara da yawa.

Duk wannan bai kai wahalar gaya wa dangi ba.

Likita ya ce wajibi ne 'yan uwana na jini su sani. Mu bakwai ne wajen Baba, ga 'ya'yan Baffa, ga jikoki. Na fara da babban wanmu, don tun rasuwar Baba shi ne uba. Na same shi bayan la'asar, na gaishe shi, na ajiye takardun a gabansa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Auta, kin san abin da kike shirin yi? 'Yan mata nawa ne a gidan nan ba su yi aure ba? Ki fita ki ce muna da cutar gado mai cin mahaifa da kansa, wa zai zo neman aurensu? Baba ya rayu da abin nan ya mutu da mutuncinsa. Ki rufa mana asiri."

Na ce, "Yaya, Baffa fa?"

Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare."

Na ce haka ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. Ya ce kada in yi masa wa'azi. Yana maganar yana gyara hannun rigarsa, ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin hannun rigar, tun muna yara nake ganinsu.

Ban ga laifinsa gaba ɗaya ba. Ya san mutanenmu. Yarinya ce ake wa tambari, ba a tambayar saurayi. Na ga yadda aka sha fama kafin a karɓi gwajin sikila, ana cewa shiga hurumin Allah ne, yau ga shi a 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Amma tamu ta fi wuyar bayani. A sikila sai uwa da uba sun haɗu ɗa ke kamuwa, don haka ana iya kauce mata da zaɓen miji. Tamu mutum ɗaya ya isa. Babu mijin da za a zaɓa wa yarinya ya hana. Abin da sani ke ba ta shi ne a fara duba mahaifarta da wuri, ta tsara haihuwarta kafin ƙarin ya cinye wurin, kada ta ɓata shekaru a kan kwantaccen ciki, kuma a sa ido a kan ƙodarta.

Da Yaya ya rufe ƙofa sai na bi ta wajen mata. Na tara yayyena da matan yayyena a ɗakin Inna. Inna, wadda na zata ita za ta fi kowa ƙi, ita ta ce, "Ku saurare ta. Ni na yi jinyar Baffanku, na san abin da na gani." Ranar ne wata yayata ta buɗe zani ta nuna min cinyarta, ta ce shekara da shekaru mijinta kawai ya sani. Ranar ne kuma matar Yaya ta ja ni gefe ta ce 'yarsu ta biyu tana da su a baya, kuma al'adarta ta fara yawa.

Wannan yarinyar an riga an yi mata baiko da jikan Baffa. Auren zumunci, kamar yadda muka saba. Na koma wajen likita da wannan, fuskarsa ta canza. Ya ce idan miji da mata duka suna ɗauke da lalataccen kwafin, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu jaririn ya gaji biyun, kuma wannan wata cuta ce daban mai tsanani, tana taɓa ƙwaƙwalwa tun daga haihuwa, da farfaɗiya da rashin girma, yawancin yaran ba sa daɗewa. Wannan maganar ce ta sa na koma wajen Yaya ba tare da ya kira ni ba. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce ina so in raba zumunci, na ce ina so a yi gwaji ne kawai. Wata biyu ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Saurayin ne ya warware. Yaro ne mai hankali, injiniya, labarin ya kai masa ta bakin uwarsa. Ya zo gidana da kansa ya durƙusa ya ce, "Goggo, ina ake gwajin? Ni zan biya nawa da nata." Sakamako ya nuna ita tana ɗauke da shi, shi bai gada ba. Ya ce ya ji, ya gani, yana so. An ɗaura aure, likitar mata ta ba su shawarar kada su jinkirta haihuwa, yanzu tana goyon ɗanta na fari, kuma an riga an ga ƙananan ƙari biyu a mahaifarta ana bibiyarsu. Ni da ita muke tafiya hoton ƙoda tare.

Cikin mu bakwai, uku sun yarda an duba su. Ɗaya ta ce ita ba ta son sani, na ƙyale ta, amma na sa ta yi min alkawarin duk ranar da ta ga jini a fitsari ko ciwon kwiɓi da ya ƙi tafiya ba za ta tsaya shan maganin tsargiya ba. 'Yata ta zama budurwa, fatarta sumul har yanzu, amma hakan ba hujja ba ce. Na zaunar da ita na gaya mata komai, abin da ba a yi min ba, muna tara kuɗin gwajinta da na ƙaninta, don likita ya ce ba sai an jira sun girma ba.

Yaya bai je ba har yau. Mun shirya, yana zuwa gidana, muna hira a kan komai ban da wannan. A watan jiya matarsa ta kira ni ta ce ya tambaye ta, wai nawa ne kuɗin hoton nan da Auta ke yi, kuma ko ana yi ranar Asabar.